Gobe Ruwanka

Yayata ce ta raɗa wa aikina suna. Ranar da na yi ƙoƙarin yi mata bayaninsa, tana zaune a tsakar gidanta na Jiratawa tana tsince zogale a faranti. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "To, a taƙaice dai, kin bar gyaran takardun ɗiyan mutane, kin koma gyaran takardun aljani." Mijinta ya yi dariya har ya ƙware da ruwan da yake sha. Ban ji daɗi ba a ranar, amma har yau ban sami bayanin da ya fi nata ba. Watanni kaɗan bayan haka mijin ya rasu, ya bar tattasai a lambu, shukarsa ta ƙarshe, kuma ta hanyar aikin nan da suka yi wa dariya na kusa ƙone wa Yaya ita ƙurmus.

Da can malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko. A gabana yara suna ce mini Madam, a bayan idona kuma Madam Jan Bik, wato jan biro, don ba na iya ganin kuskure a takarda in wuce shi, ko da takardar da aka ƙunso mini ƙosai ce. Da aurena ya mutu, na bar garin da nake koyarwa na dawo Maraɗi, na kama ɗaki a Sabon Gari, bayan shagon wani mai gyaran babura. Iyayenmu sun daɗe da rasuwa. Gidanmu na Tsibiri ya koma hannun ƴaƴan baffa, sai dai gaisuwar biki da ta mutuwa. A ɗakinmu daga ni sai Yaya muka rage.

Aikin ya zo ne ta hannun wata tsohuwar abokiyar karatuna da ta zama injiniya a Yamai. Suna haɗa na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira wadda ake yi wa magana ta amsa, sai dai tasu ba amsa kaɗai take yi ba, aiki ake sa ta. Ni ɗan aike nake ce mata, tunda aiken ne sana'arta. An ba ɗan aiken kayan aiki kamar yadda ake miƙa wa magini cokali da igiya: wani na kiran salular mutum, wani na duba jerin sunaye, wani na sa suna a jeri, wani na cire shi. Kowane kayan aiki yana da ƴar takardar bayaninsa, layi biyar ko goma, mai faɗin abin da yake yi da yadda ake riƙe shi. Game da kayan nan, ɗan aiken bai san komai ba sai abin da takardar ta faɗa. Ba ya leƙa katanga ya ga yadda maƙwabci ke yi, kuma bai tashi a gidan kowa ba balle ya tsinci magana a bakin manya. Aikina shi ne in karanta takardun kafin a miƙa masa, in ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, ga kuma dalili.

Injiniya ta ba ni tambayoyin da zan riƙa yi wa kowace takarda. Me kayan yake yi? Yaushe ake ɗaukarsa? Me ake ba shi, me yake mayarwa? In ya ƙi aiki, ta yaya za a gane? Ta ƙarshe kuma, yaushe ne ba a taɓa shi? Ta ce, "Ki karanta kamar baƙuwa. Duk abin da kika sani wanda ba ya cikin takardar, ki tuɓe shi a bakin ƙofa tare da takalminki." Na ce mata wannan ai ba wuya, na daɗe ina zaman baƙunci a inda aka haife ni.

Na kuwa iya aikin, ba yabon kai ba. Wata takarda ta zo tana cewa kayan nan yana sarrafa bayanan manoma, shi ke nan. Na rubuta a ƙasa, sarrafawa kamar yaya, daka su zai yi ko niƙa? Wata kuma ta yi bayani mai tsawo har da ƙawa, amma ba ta faɗi abin da ke faruwa in babu reso, wato layin sadarwa, saƙo bai tafi ba. Na rubuta, ɗan aiken da ya dawo ya zauna bai ce uffan ba, ta ina za a san ya isar? Na ji labarin masu rubuta takardun a Yamai suna jan tsaki in sun ga alamata. Hakan yana yi mini daɗi, kuma na san dalili. Nan ne kaɗai wurin da wani ke jiran abin da zan ce.

Don kuwa yini nake yi a ɗakin nan ni kaɗai, daga ni sai ordinatar, wato kwamfuta, a kan ɗan tebur, sai fanka in akwai kuran, wato wutar lantarki. Ta bayan bango ina jin bugun ƙarfe da ihun ƴan kabu-kabu suna gardamar wa ya riga wa zuwa. Akwai ranakun da in ka cire sallamar da nake yi a ƙarshen salla, maganata ba ta wuce wadda na yi da mai koko da safe. Matan gidan sun yanke hukunci cewa fim nake kallo. In an haɗu a suna aka tambaye ni aikin me nake yi yanzu, sai in ce takardu nake gyarawa, a ce Allah ya taimaka, hira ta koma kan atamfa.

Cikin waɗanda suka karɓi ɗan aiken akwai wata ƙaramar ƙungiyar masu lambu a gefen Jiratawa, masu rijiyar burtsatse ɗaya da shato ɗaya, wato babban tankin da ke bisa ƙarafa. Mijin Yaya yana cikinsu. Ruwa bi da bi ne, kowane lambu sau ɗaya a kwana biyar. Da can sakataren ƙungiya ne ke riƙe da jerin a littafi, har ido ya gaza masa, ɗan aike ya gaje shi. Jajibirin ranar ruwanka, da la'asar, salularka za ta yi ƙara, wata murya ta kira sunanka ta ce gobe ruwanka, kai kuma ka ce na ji. Da safe mai famfo ya duba jerin a tasa salular, ya buɗe wa waɗanda ke ciki. Ƙungiyar tana da doka tun zamanin littafi, cewa wanda aka kira sau uku a jere bai amsa ba a cire sunansa, saboda masu tafiya ci-rani Najeriya su bar lambu fayau, ruwa yana malala a banza.

Takardar kayan cire suna ta zo hannuna lokacin sanyi, mijin Yaya yana nan da ransa. Gaskiya takarda ce mai kyau. Ta faɗi abin da kayan ke yi, ta ce lambar lambu ake ba shi, ta ce ba ya sanar da kowa, sunan ne kawai zai ɓace daga jerin safe. Ta ce a ɗauke shi in an yi kira uku a jere babu amsa. A kan tambaya ta ƙarshe, yaushe ne ba a taɓa shi, ba ta ce komai ba. Na karanta sau biyu ban ga rami ba, don a kaina babu ramin. Wa zai yanke wa majinyaci ruwa? Wa zai yanke wa lambun mamaci? Tun ina ƙarama a Tsibiri na san in mutum ya rasu ya bar shuka, maƙwabta ne ke kula da ita har amfanin ya shiga hannun iyalinsa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini, gani na yi. Rubuta wannan a takarda kamar a rubuta kada a zuba yashi a miya ne. Abin da aka ce in tuɓe a bakin ƙofa na shiga da shi ban sani ba, na cike gurbin da shi, na rubuta a ƙasa, a bayyane take, babu gyara.

Mijin Yaya mutum ne mai ƙarancin magana da yawan dariya. Ciwon ciki na kwana biyu, Allah ya karɓi abinsa, daidai lokacin da sanyi ya ja baya zafi ya fara leƙowa. Na je na zauna har aka yi sadakar bakwai. Ƴaƴansu mata biyu suka zo daga garuruwan aurensu masu nisa, suka yi kuka, suka koma. Yaya ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita ba ado, gidan ya rage daga ita sai wata tsohuwar gwaggon mijin mai nauyin ji. Ni ma na tattara na koma Sabon Gari, na ce aiki ya taru.

Ina kiranta duk bayan kwana biyu ko uku, kuma hirar iri ɗaya ce kullum.

"Yaya, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ba abin da kike buƙata?"

"Babu komi. Ki yi aikinki, kar ki wahal da kanki da hanya cikin zahin ga."

Sai in ce to. Daga ƙofata zuwa tata bai kai rabin awa ba a kan kabu-kabu. Gaskiyar da ban so faɗa ba ita ce tsoron gidan nake ji. Yaya mai bakin nan da ba ya barin kowa, in je in tarar da ita shiru a kan tabarma, ban san inda zan sa idona ba. Da ta ce kar in wahal da kaina, sai na riƙe maganar hannu bibbiyu kamar an ba ni takardar izini.

Aikina yana da kashi na biyu. Duk ƙarshen wata ana turo mini rahoton abin da ɗan aike ya yi da kayansa, in bi layi layi in ga ko akwai inda takarda ta ɓatar da shi. Wata Talata ce bayan azahar, an ɗauke kuran, gumi yana bin bayana, ina sauri kafin batir ya mutu. Sai na ga lambar salular mijin Yaya, wadda na haddace tun shekaru. Ɗan aiken yakan rubuta dalilinsa a taƙaice a gefen duk abin da ya yi. A nan ya rubuta: kira uku a jere, babu amsa, na duba bayanin kayan aiki ko akwai abin da zai hana cirewa, ban samu ba, na cire. Na duba ranar, na lissafa da yatsu. Kwana goma sha uku. Ruwa biyu sun wuce lambun, a cikin zafin da in ka shanya wanki, na farko yana bushewa kafin ka shanya na ƙarshe.

Na kira injiniya na fara zazzaga mata masifa. Na ce aljaninsu ba shi da imani, na ce ko jaki ya san gidan mutuwa. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce a hankali, "Wa ya duba takardar?" Ta buɗe ta karanta mini kalmomina, a bayyane take, babu gyara. Laifi tudu ne. Ba ta ƙara mini da komai ba, Allah ya saka mata, sai ta mayar da sunan nan take ta ce gobe da safe za a buɗe masa ruwa. Na ja mayafi na fita ko ƙofa ban tuna na kulle ba.

Ban nufi gidan Yaya ba, lambu na ce mai kabu-kabu ya kai ni. Na tarar da mai famfo a inuwar shato, wani dattijo daga wani ƙauye da aka ɗauka aiki a shekarar. Ya gane ni daga zaman makoki. Muka gaisa, na ce, "Baba, lambun marigayi, mi ya sa ba a ba shi ruwa?"

Ya ce, "Wallahi Madam, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Sau ukku na buɗe mishi bayan rasuwa, maƙwabta sunka yi ban-ruwa kamar yadda anka saba. Ran nan na duba, babu sunanai. Na ce ko dangi ne sunka yanke a bar shi."

"Ba ka tambaya ba?"

"In tambayi wa? Mace tana cikin takaba, in tahi in tsaya mata a ƙohwar gida da zancen tattasai?"

Maƙwabtan ma haka suka ɗauka, in ji shi. Sun zaci ƴan'uwan marigayi ne suka hana kafin a raba gado, kuma ba mai hankalin da ke sa baki a zancen gadon wani gida. Kowa ya ga lambun yana mutuwa, kowa ya ji ciwo, kowa kuma ya yi kawaici saboda ladabi.

Ya raka ni har bakin lambun ya koma. Ganyen ya nannaɗe ya yi ruwan ƙasa, furen duk ya zube, in na taka sai in ji ƙurus a ƙarƙashin takalmina. Ƙasar ta tsattsage. Kalmen marigayi, ƴar fartanyarsa, tana nan rataye a reshen mangwaro inda ya saba barinta, ba wanda ya taɓa. Layi biyu ne kawai suka rage da sauran kore, waɗanda ke manne da magudana, don in ruwan maƙwabci yana wucewa yakan ɗan tsattsafo ta wani tsagu. Na tsuguna a tsakanin layukan nan biyu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na tarar da Yaya a bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, da zane marar ado, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Gwaggo tana gyangyaɗi a gindin bango. Yaya ta dube ni ta ce, "Madam ce da kanta?" Ta tura mini kwanon ruwa. Na sha, na ajiye, na faɗa mata komai tun daga takardar har zuwa layi biyu. Ban rage laifina ba, don na san in na fara ragewa ba zan tsaya ba. Ta saurare ni kamar ranar zogale, sai dai wannan karon ba ta yi mini ba'a ba.

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da salular mijinta naɗe a cikin hularsa, ta ajiye a tsakaninmu.

Ta ce, "Kwana huɗu da rasuwa ta yi ƙara. Kina nan tsakar gida kina raba wa mata ruwa. Na ɗauka, na ce ko wani ne mai gaisuwa. Sai na ji an kira sunanai, sunan da ni ban taɓa hwaɗa da bakina ba tun da anka kawo ni gidan ga. Wai gobe ruwanka." Ta shafa hular. "Na kashe ta na sa a kwalla."

Na ce, "Kin san lambun ya bushe?"

"Matar maƙwabci ta hwaɗa mini, yau kwana takwas."

"Yaya! Kwana takwas? Sau nawa na kira ki cikin kwana takwas? Kalma guda za ki hwaɗa, in gyara shi kahin ki aje salula."

"Ni ina na san aljaninki ne? Na ɗauka ƴan'uwanai ne sunka hana, kuma wannan ba zancen salula ba ne. Na ce in kin zo in aike ki ki gano mini da idonki. Duk kabu-kabun da ya tsaya a ƙohwar gida sai in gyara zama."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran marar gaskiya. Na ce, "Ke ce fa kinka ce kar in wahal da kaina."

Ta dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya kasa amsa tambayar da aka yi jiya. Ta ce, "Haka ake cewa. Ke ba a Tsibiri anka haihe ki ba? Mai takaba ba ta cewa a zo. Zuwa ake."

A takardar da aka ce in karanta kamar baƙuwa, na karanta kamar ƴar gida. Yayata kuma, da muka sha nono ɗaya, na saurare ta kamar baƙuwar da ba ta san komai ba sai abin da aka furta. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai, na zauna ina kallon ƙudajen da ke bakin kwanon ruwa.

Can na ce zan sa a cire sunan marigayi daga jerin a sa nawa, a riƙa kirana. Ta girgiza kai. Ta ce, "Ki bar sunanai har in hita." Ta zare salular daga cikin hular, ta riƙe hular, ta miƙo mini salular. "Ki tahi da ita. In ya kira, ki amsa."

Washegari bayan an ba lambun ruwa na koma ɗakina na gyara takardar. Na rubuta wa ɗan aike cewa kada ya ɗauki kayan nan saboda shiru kawai. Mutum yakan yi shiru don ciwo, ko don ya rasu, ko don gidansa yana cikin makoki, kuma lambun majinyaci da na mamaci ba a yanke musu ruwa. In an kira sau uku babu amsa, ya bar sunan yadda yake, ya aika wa mai famfo da shugaban ƙungiya cewa wani ya je gidan da ƙafarsa. Sai wanda ya je ya dawo ya ce a cire, sannan a cire. Injiniya ta ce ita ce takarda mafi tsawo a duk kayansu, na ce a bar ta haka. Na kuma koma kan duk takardun da na taɓa sa wa hannu, na bi su da tambaya ta ƙarshe ita kaɗai, na sami wasu ramukan irin wannan da na cike da abin da na sani na tsallake. Tun daga lokacin na rage yi wa mutanen Yamai gatse.

Haka salular marigayi ta zauna a kan teburina kusa da ordinatar. Duk kwana biyar, da la'asar, ta yi ƙara. Muryar ta gaishe shi da sunansa, ta ce gobe ruwanka. Karon farko sai da ta maimaita sannan na ce na ji. Da sassafe in hau kabu-kabu, in sauko da kalmen daga reshen mangwaro, in tare ruwa in karkata shi cikin layi biyun nan. Hannuna mai riƙe bik ya yi ƙuraje ya fashe ya yi kanta. Mai famfo yakan tsaya yana kallona ya ce, "Madam, kalme ce, ba alli ba, ki riƙe ta da ƙarhi." Daga lambu in biya gidan Yaya, in gaya mata yadda ganye yake, ta zuba mini fura. Ba ta sake tayar da zancen laifina ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Wani lokaci mu yi awa guda a zaune, gwaggo tana munshari.

Akwai abin da nake jin nauyin faɗa. Na fara jiran kiran nan. Ranar da zai zo, tun azahar nake duban salular, in tabbatar da caji. A duk Maraɗi babu wani kira da na tabbata zai zo mini sai wannan, kuma ko shi ba ni ake kira ba.

Layi biyun suka farfaɗo, suka sake fure, suka yi ƴaƴa. Tsinkar farko ba ta cika ƙaramin kwano ba. Na kai wa Yaya, ta ɗauki ɗaya tana juyawa a tafin hannunta, ta tambaye ni daga wane layi. Na ce na bakin magudana. Ta ce ai waɗannan ragowar dashe ne, raunana, har ya ce zai zubar, ita ta ce ya soka su a gefe ko Allah zai sa. Ba ta sa ko ɗaya a miya ba. Ta bar su suka nuna jawur, ta shanya a faifai a bisa rumfa, ta ce iri ne.

Takaba ta ƙare hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, ruwan sama bai sauka ba tukuna. Aka yi sadaka, Yaya ta sa atamfa, ta je lambun da ƙafarta ita kaɗai, ta ce kada kowa ya bi ta. Da ta dawo ta ce yanzu a sa sunanta. Aka sa, da lambar tata salular. Na mayar mata da ta marigayi, ta naɗe ta a hular ta mayar cikin kwalla. Na koma Sabon Gari, teburina ya yi fili.

Jajibirin ruwa na gaba na sami kaina ina kasa kunne tun azahar, alhali na san babu abin da zai yi ƙara. Mai gyaran babura yana ta bugun ƙarfensa. Na buɗe wata takarda na karanta layin farko sau huɗu ban fahimci komai ba. Aka kira la'asar, na yi alwala na yi salla, na zauna a kan sallaya ina jin ɗakin ya yi mini girma. Sai tawa salular ta yi ƙara. Yaya ce, wadda tun da ta mallaki salula ba ta taɓa fara kirana ba.

"Yaya, lahiya?"

"Lahiya lau. Aljaninki ya kira ni. Gobe ruwanmu." Ina jin gwaggo tana tari a bayanta. "Ba cewa na yi ki zo ba."

Na ce, "Na ji."

Ta kashe. Na tashi na jawo takalmin robar da nake shiga lambu da shi daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe shi, na ajiye a bakin ƙofa.